Lamba Tara Ya Zama Suruki

Idan aka tambayi Sajida a gidan biki me maigidanta yake yi, sai ta ce yana aiki a ma'aikatar kwali, ta ja bakinta ta yi shiru. Ba ƙarya ta yi ba. Sunan ma'aikatar ne a jikin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, su ne kafilinsa da suka tsaya masa. Sai dai Badaru ɗan Abdulghaffar bai taɓa naɗe kwali ko ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya tara ƙarti goma sha biyar a fili ya koya musu yadda za su rungumi ƙwallo mai siffar gwanda su ruga da ita, wasu ƙartin goma sha biyar suna neman su maka su da ƙasa. A rediyo zari-ruga ake ce wa wasan, a Jidda kuwa ragbi. Badaru shi ne koci.

A Jidda aka haife shi. Ubansa ya taso daga ƙasar Katagum da niyyar aikin hajji, ya yi shekara uku a hanya ta Sudan. Da ya sauke farali ya tuna tsawon hanyar komawa, sai ya nemi aikin dako a tashar jiragen ruwa, a kai ya mutu. Bai bar wa Badaru komai ba sai faɗin kafaɗa da taurin kai. Takardar zama ɗan ƙasa ba ta cikin gadon. Najeriya kuwa sau biyu Badaru ya taɓa taka ta, duk biyun ya dawo da zazzaɓi.

Yana da shekara goma sha tara ya samu aikin ban ruwa ga ciyawa a wata unguwar Turawa mai katanga a Abhur. Duk Alhamis da yamma Turawan sukan fito su tattake ciyawar da ya yi mako yana lallaɓawa. Wata rana mutum ɗaya ya kasa musu. Wani Bature mai jan wuya ya dubi Badaru daga sama har ƙasa kamar mai tayin bijimi a kara, ya jefa masa riga. Aka sa shi a sahun gaba na sikiram, inda mutum takwas suke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da takwas na can, a jefa ƙwallo a tsakiya a yi ta turi. Ba wanda ya gaya masa dokar komai. An dai ce ya tura, ya kuwa tura, har Turawa uku suka zauna daɓas.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana wannan turi. Hancinsa ya karye sau uku, kunnuwansa suka dunƙule kamar ƙosai. A tsakanin karaya ta biyu da ta uku ya auri Sajida, ita ma haihuwar Jidda, suka kama haya a bene na biyu a unguwar Kurayyat. Ranar da ta haifi 'yarsu ta fari yana Bahrain wajen wasa. Sai da ya dawo ya tarar an raɗa wa yarinya Razan, ba a nemi shawararsa ba, Sajida ta ce wanda ba ya nan babu nasa. Maza biyu suka biyo baya, dukansu 'yan ƙwallon ƙafa, ko kallon ragbi ba sa yi.

Da gwiwarsa ta ƙi, ya koma riƙe wa kocin Turawan usur, ya je ya yi kwas ya samo takarda. Ana nan sai Abdulmohsen, ɗan mai wata ma'aikatar kwali a Madinar Masana'antu, ya dawo daga karatu a Ingila da ciwon ragbi a zuciyarsa. Ya share fili a bayan rumbunan ajiya, ya kewaye shi da katanga, ya shuka ciyawa, ya ɗauki Badaru ya mayar da iƙamarsa ƙarƙashin ma'aikatar. 'Yan wasan duk ma'aikata ne: Takari, Sudanawa, 'yan Sri Lanka biyu, da 'yan ƙasa kaɗan. Shekara shida Sajida ta yi tana wanke riguna goma sha biyar duk mako kafin ma'aikata ta tuna akwai injin wanki a duniya. Wasa kuwa ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ta ce abin da ta gani a jikin rigunan ya ishe ta.

Badaru koci ne na gaske, wannan ba a ja. Yana iya ɗaukar ragon mutum ya mayar da shi bango cikin wata shida. Amma a cikin sikiram ya girma, kansa a sunkuye tsakanin kafaɗun mutane, kuma har ya tsufa bai ɗago ba. A wurinsa turi shi ne wasa. Idan ana cin su, a ƙara turi. Idan suna ci, turin ne ya yi rana. Saboda haka ƙungiyarsa ta daɗe a tsakiyar jadawali, ba ta sama ba ta ƙasa, kowa yana tsoron haɗa jiki da ita, kowa kuma yana cin ta da gudu.

Sai ga Zaharadden. Daga wani ƙauye na wajen Kazaure ya zo, direban motar ɗaga kaya a rumbun ajiya, ya koyi wasan a wata makaranta a Kano. Gajere ne, bai kai kafaɗar Badaru ba, amma bakinsa reza. Aka ba shi lamba tara, wanda yake zaro ƙwallo daga ƙarƙashin sikiram ya raba ta, ya yi ta daka wa kowa tsawa. Ranar farko da ya ji tsarin koci sai ya cire robar kare haƙoransa.

"Koci, da girmanka, wannan tsarin shirme ne."

Badaru ya tako har gabansa.

"Kai, wa ya haife ka?"

"Wanda ya haife ni yana Kazaure, bai san ragbi ba, ba shi da laifi. Kai da ka sani, dubi gefen hagu. Fili fetal kamar filin idi ranar Talata, kai kana ta cusa mutane a cikin bango."

Badaru ya sa shi zagaye fili sau goma. Yana zagayawa yana ci gaba da bayani. Ranar Juma'a suka bi ta gefen hagu suka ci wasa.

Shekara bakwai suka yi a haka. Badaru ya ce gabas, Zaharadden ya ce yamma, a yi ta cacar baki a gaban jama'a har alƙalin wasa ya zo rabiya. Badaru ya kore shi sau huɗu, ya je da kansa ya ɗauko shi sau huɗu, daga baya ya naɗa shi kyaftin. Turin Badaru da idon Zaharadden suka haɗu, ƙungiya ta haura saman jadawali, har sau biyu suka ɗauko kofi. Badaru yakan ce shi ya gina yaron. Ba wanda ya taɓa gyara masa sai yaron.

Kowace sallah Sajida takan dafa wa gwaurayen ƙungiya abinci. A nan Zaharadden ya ga Razan, wadda take aiki a wani kantin magani, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai rabi ya fito da Larabci. Ya turo manya. Badaru ya ga kakarsa ta yanke saƙa: wata ƙungiya ta Riyad ta daɗe tana zawarcin yaron, yanzu kuwa ya ɗaure shi da igiyar da ba ta tsinkewa. Bai ko yi shawara da kowa ba ya ce ya bayar. Aka yi biki a watan Satumba, mako uku kafin a buɗe kakar wasa.

Ranar da ango ya dawo horo, ya hango Badaru daga taku ashirin sai ya tsaya. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmansa, ya cire, ya tako da safa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

"Baba, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya gida? Ya su Mama?"

Wani ƙaton Basudane ya leƙo ya tambaya ko wani abu ne ya faɗi a taya shi nema.

"Tashi, ya walad," in ji Badaru. "Mene ne haka?"

"To, Baba."

Bai tashi ba sai da Badaru ya juya baya.

Badaru ya ɗauka zumuɗin angonci ne, zai wuce. A Jidda ya tashi, inda suruki yake zama da uban matarsa su sa hannu a faranti ɗaya, har su yi gardamar ƙwallo. Ya manta cewa a inda Zaharadden ya fito, mutum yakan canza hanya in ya hango surukinsa, ya gwammace ya bi ta cikin ƙaya. Yaro ya daina shan ruwa a gabansa. A zafin Jidda, a tsakiyar horo, sai ya ɗauki gora ya zagaya bayan kwantenar kaya. Ya daina canza riga in koci yana ɗakin. Duk wannan da sauƙi. Babbar masifar ita ce bakin ya mutu. Lamba tara ba shi da kayan aikin da ya wuce maƙogwaro, ga shi ba zai ɗaga murya a inda Baba zai ji ba, balle ashar, balle ya ce tsarin Baba shirme ne. Ya zaro ƙwallo, ya ga fili a hagu da idonsa, ya mayar da ita cikin bango saboda haka Baba ya ce.

Suka sha kashi a wasan farko. Suka sha a na biyu.

"Yaron nan ya lalace," Badaru ya ce wa Sajida, tana zuba masa shayi.

"Wane yaro?"

"Mijin 'yarki. Ko musu ba ya yi da ni."

Sajida ta dire butar. "Abu Razan, ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa? Mata suna ta yi mini barka, an ce a Kurayyat kaf ba mai suruki irin nawa. Kai kana kuka don bai zage ka ba?"

"Zagin nan da shi muke ci."

"To ka zagi kanka mana. Ai ka iya."

Ba wai Zaharadden ya daina gani ba ne. Yana gani, abin yana cin sa, sai ya bi hanyar da ya san ana bi a isar wa suruki magana. Ya gaya wa Razan. Razan ta bari sai ta je gida ranar Asabar ta gaya wa uwarta. Sajida ta bari sai maigida ya ci ya ƙoshi ya miƙe ƙafa. Kowace a cikinsu kuma sai ta ɗan goge maganar don kada ta yi kaifi. Abin da ya fito daga bakin Zaharadden ranar Laraba shi ne a daina kai ƙwallo tsakiya, 'yan Riyad sun fi su nauyi, a buɗe gefe. Abin da ya iso kunnen Badaru ranar Lahadi, kwana biyu bayan 'yan Riyad sun lallasa su, shi ne wai yaron yana gaishe shi, yana kuma yi masa addu'ar Allah ya ƙara basira.

Badaru ya gwada kiransa a waya, yana ganin in ba ido da ido kunyar za ta ragu. Daga baya Razan ta gaya wa uwarta cewa da sunan Baba ya fito a wayar, mijinta ya sauko daga kujera ya tsuguna a kan tayil, a haka ya amsa har aka gama.

A nan ne taurin kan gado ya motsa. Badaru ya ce tunda lallashi ya ƙi, zai ba da umarnin da ko jaki ba zai bi ba, ya ga ko bakin zai buɗe. A ƙungiyar akwai Bandar, ɗan ƙasa, siriri kamar sillen kara, ba abin da Allah ya ba shi sai gudu, wurinsa can bakin layi inda ba cunkoso. Kafin wasa na huɗu Badaru ya tara su ya ce yau duk ƙwallon da ta fito daga sikiram a ba Bandar ya kutsa da ita ta tsakiyar ƙartin can. Ya faɗa yana kallon Zaharadden. Ya maimaita. Ya jira.

Zaharadden ya sunkuyar da kai. "To, Baba."

Badaru ya yi niyyar janyewa. Amma mutum goma sha biyar suna kallonsa, kuma bai taɓa janye magana ba sai an yi masa musu. Ba a yi ba. Minti tara da fara wasa aka fitar da Bandar a kan makara ta asibiti, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Bandar kuwa ɗan 'yar'uwar Abdulmohsen ne.

Washegari Abdulmohsen ya kira Badaru ofis. Bai ba shi wurin zama ba, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara.

"Ya Kabtin Badr, 'yar'uwata ta kira ni sau goma sha ɗaya tun jiya. Wa ya ce a tura yaron nan tsakiya?"

"Ni ne, Ustaz."

"Don me?"

Ta ina Badaru zai fara yi wa Balarabe bayanin kunyar suruki?

"Wasa huɗu, faɗuwa huɗu," in ji Abdulmohsen. "Akwai wani koci ɗan Afirka ta Kudu da yake nema na tun bara. Iƙamarka wata mai zuwa take ƙarewa, takardar tana cikin aljihun teburin nan. Ranar Juma'a 'yan Yanbu za su zo. In kun ci, in sa hannu. In kun faɗi, halas, ka nemi wani kafilin."

Shekararsa hamsin da shida, gwiwa ɗaya, ba abin da ya iya sai koya wa mutane turi. Ba kafilin da yake neman irin wannan. In iƙama ta mutu kuwa, shi da Sajida sai ƙasar Katagum, inda ba su san ko ƙofar gidan kowa ba.

Daga ofis ya wuce asibiti. Bandar yana kwance an naɗe shi kamar sabon jariri, amma bai riƙe shi a zuciya ba.

"Kabtin, in gaya maka wani abu? Ranar da ka tafi ofishin fasfo ba ka zo horo ba, kyaftin ya zage mu tas. Har kakata ya ambata. Wallahi sai da muka ji daɗi, kamar da. Kana shigowa ƙofa washegari ya koma liman."

Badaru ya ji, ya gane, ya ƙi. Shi ne zai bar filinsa don wani ɗan Kazaure ya samu sakewa? Filin da ya san kowane rami a cikinsa? Ya ce wa Sajida gara ya ajiye yaron a benci ya sa wani.

"Ka ajiye mijin 'yarka a benci a gaban jama'a?" in ji ta. "To ka fara neman inda za ka riƙa cin abinci. Wanda za ka sa ɗin ma ya iya?"

Bai iya ba. Ranar Alhamis Badaru ya tare Zaharadden a bayan kwantena, gora a hannunsa, ya tsaya masa a gaba don kada ya gudu. Yaro ya ɓoye gorar a baya ya tsuguna.

"Ka san in muka faɗi gobe korata za a yi?"

"Allah ya kiyaye, Baba."

"Amin. To me ya kamata mu yi?"

"Duk yadda Baba ya gani."

"Ba na gani! Shekara bakwai kana gaya mini ba na gani! Na yafe maka, na halatta maka, ka zage ni!"

"Subhanallahi, Baba." Idonsa ya kawo ruwa, yana tsinkar ciyawa da yatsa. Da za a yanka shi a wurin ba zai faɗa ba.

Juma'a bayan la'asar aka take wasa. Razan ta zo, karon farko a rayuwarta, ta zauna a benen 'yan kallo da jakarta a cinya. 'Yan Yanbu manya ne, sun fi su nauyi nesa ba kusa ba. Badaru ya ce a tura, aka tura, bango bai motsa ba. Sau uku fili ya buɗe a gefe, sau uku Zaharadden ya kalle shi ya mayar da ƙwallo tsakiya. Aka tafi hutun rabin lokaci Yanbu tana da goma sha biyar, su uku.

Suka kewaye shi suna haki. Badaru ya buɗe baki, ya ji abin da yake shirin fitowa: a ƙara turi. Ba shi da wata maganar, bai taɓa samun wata ba. Ya dubi surukinsa a tsugune can baya, leɓensa ya bushe ya tsage don ya ƙi shan ruwa. Ya cire usur daga wuyansa ya jefar a ciyawa.

"Ni zan fita," ya ce. "Ba zan dawo ba sai an tashi. In kun ga dama ku faɗi."

Ya juya yana jan ƙafa. Daga bakin layi zuwa ƙofa tafiya ce mai tsawo ga mai gwiwa ɗaya, kuma kowa yana kallo. Abdulmohsen ya miƙe yana kiran "Ya Kabtin! Ya Kabtin!" Bai waiga ba. Ya fita ya ja ƙofar ƙarfe, ya tsaya a bayan katanga tsakanin tireloli biyu da suke jiran lodi.

Bai gama jingina ba muryar ta tashi, Larabcin kasuwa da Turanci da Hausa a cakuɗe.

"Ku matso nan, matattun banza! A ba ni ruwa! Duk abin da aka gaya muku tun watan Satumba, Allah ya ƙara wa mai faɗa girma da lafiya, ku haƙa rami ku binne shi! Wanda ya sake kai mini ƙwallo cikin shanun nan sai na cusa masa ita a baki! Yalla!"

Badaru ya ji daɗi, ya kuma ji kamar ya haura katangar ya shaƙe shi.

Ba ya ganin komai sai bulo. Ya kira Razan a waya.

"Me ake yi?"

"Abuya, sun taru sun sunkuya kuma. Kamar masu neman ɗan kunne."

"Ƙwallon fa? Tana ina?"

"Ma adri, ban gan ta ba. La, ga Zahar ya ɗauko. Ya jefa wa wani. Shi ma ya jefa baya. Abuya, lesh suke jefawa baya in gaba suke so?"

"Wa yake riƙe da ita yanzu?"

"Wani mai gemu. Yana gudu. Haram, ya faɗi a kan cikinsa. Amma mutane suna murna."

"A bayan farin layi ya faɗi?"

"Akwai layi da yawa, Abuya."

Sai da wani direban tirela ya tausaya masa ya hau saman motarsa ya leƙa allo, ya ce goma da goma sha biyar. Ya ce wa Badaru ya hau ya gani da idonsa. Badaru ya sa ƙafa a taya, sai ya tuna in kansa ya ɓullo saman katanga yaron zai hango shi. Ya sauke ƙafar. Minti talatin ya yi yana kai da kawo a kan kwalta, yana jin ana zagin iyayen mutanen da ya raina da hannunsa, yana tambayar 'yarsa tana ba shi labarin wanda rigarsa ta yage.

Saura kaɗan a tashi ihu ya sake ɓarkewa. Direba ya ce goma sha biyar, goma sha biyar.

"Abuya, Zahar ya ajiye ƙwallon a ƙasa yana kallonta. Kamar yana jira ta yi magana. Ya ja baya. Ya buga. Ta bi ta sama, ta tsakanin ƙarafunan. Miskin, ko raga bai samu ba."

"Ta tsakani kika ce?"

"Aiwa."

Badaru ya zauna a kan matakin tirela. Goma sha bakwai da goma sha biyar.

Abdulmohsen ne ya fara fitowa, ya same shi a wurin.

"Wane irin koci ne yake barin fili ana cin sa?"

"Dabara ce, Ustaz."

Abdulmohsen ba wawa ba ne, kuma Bandar ya riga ya ba shi labari. "Rabin da kana ciki, uku. Rabin da kana waje, goma sha huɗu. Zan sa hannu, shekara ɗaya. Horon masu turi naka ne, ba wanda ya kai ka. Amma ranar wasa, tunda dabarar tana aiki, kada in ga ƙafarka a cikin katangar nan."

Ya sa hannu ranar Lahadi. Sajida ta karɓi sabuwar iƙamar ta juya ta gaba da baya, ta saka a jakar takardu, ta ce ai dama ta san yaron mai albarka ne.

Yanzu ranar Litinin da Laraba Badaru yana horar da masu turi takwas a wannan kusurwar fili, Zaharadden yana can ɗaya kusurwar da sauran, an ja kwantenar kaya an girke a tsakani. Ranar Juma'a kuwa yakan zo da kujerar roba ya kafa a bayan katanga. Direbobin tirela sun saba da shi, suna ce masa mai gadi. Ƙungiya ta ci wasa biyar cikin shida da suka biyo baya, bai ga ko ɗaya ba. A na bakwai, ana saura minti biyu, ihu ya tashi a ciki har ƙofar ƙarfe tana rawa, ba a san na murna ba ne ko na baƙin ciki. Ba tirela ko ɗaya a wurin ranar. Ya danna lambar Razan, aka ce masa tana kan wani kiran.